Jinjina Ga Mutumin Da Ya Ɓata Keke Na Bakwai

Shekara goma sha ɗaya, ƙarfe shida da rabi na safe a ɗakin ɗinki take yi masa. Mai gadi kaɗai ke riga shi zuwa. Zai rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya sa wata shuɗiya wadda mai ya cinye bakin aljihunta, ya yaye mayafan kekuna goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya share masa ɓurɓushin zare daga haƙora da ɗan buroshi, ya ɗiga masa mai, ya canja allura, sannan ya ɗauko ƙyalle ya tura layi guda. Ba ya duban layin tukuna, kunne yake sawa. Ya ce keke kafin ya ɓata yadi sai ya yi ƙorafi, mutane ne ba su da lokacin saurare.

Ɗakin nan kun san shi, ko da ba ku taɓa taka shi ba. Shi ne wanda ake nuna muku kowane ƙarshen mako a gasar ɗinkin nan ta talabijin, inda ake tara teloli goma sha biyu, a ba su abin da mai hankali ba zai ɗinka ba, a ce su fito da riga cikin awa shida, sannan a kori ɗaya. An taɓa ba su labulen ofis. An ba su buhunan siminti, an ba su ledar shimfiɗa da igiyar shanya. Kun san alƙalan nan uku da ke zaune kamar an tilasta musu zuwa. Kun san mai gabatarwa da haƙoransa. Shi ne ba ku sani ba. A jerin sunayen da ke gudu a ƙarshen shiri, nasa yana zuwa bayan na kamfanin da ke kawo ruwan sha, kuma kafin nan kun canja tasha. Kowa a wurin, Baba yake ce masa, in kuwa da wani dattijo a kusa sai a ce Baban Kekuna.

Matata, Allah Ya ji ƙanta, ba ta yarda shirin ya wuce ta. Tun da ta rasu ban ƙara kunna shi ba. Abin da ke nan daga bakin waɗanda suka gani da idonsu ya fito: mai kwalliyar shirin, ɗaya daga cikin masu kyamara, matarsa, da shi kansa, bayan an matsa masa.

Dokokin gasar shafi goma sha huɗu ne. Abin da ya shafi Baba layi biyu ne kawai: ma'aikaci ba ya taɓa aikin ɗan gasa, kuma ba ya magana gaban kyamara. Bai karya su ba, amma ya san inda suke da laushi. Mai kwalliya ta ce in ya hango yarinya ta sa allura a juye, sai ya tsaya bayan masu kyamara ya kama tari, kuma tarin ba ya tsayawa sai ta duba allurar. Har aka taɓa kawo masa magani daga ofis. Wata shekara allura ta huda yatsan wani saurayi ta maƙale, aka ce wa mai kyamara ya matso kusa, jini ne. Baba ya shiga tsakani, ya juya wa kyamara baya, ya murɗa ƙafar keken a hankali har allurar ta fito.

"Baba, bayanka nake gani!" darakta ya yi ihu daga ɗakinsa na gilashi.

"To yallaɓai, ai shi ma ba a taɓa nuna shi ba."

Da a nan labarinsa ya tsaya, da layi goma sun ishe shi. Mutanen kirki da ba su taɓa fuskantar komai ba suna da yawa, kuma yabonsu ba ya ƙoshar da kowa. Amma akwai keke na bakwai.

A shekararsa ta uku aka kawo sabon darakta, matashi, mai ladabi, irin waɗanda ke durƙusawa su gaishe ka kafin su sa ka abin kunya. Ya kira Baba ofis, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi.

"Baba, kai babba ne, ba zan ɓoye maka ba. Mutane ba ɗinki suke kallo ba. Wa zai bar aikinsa ya zauna yana kallon mutum yana ɗinki lafiya lau? Kuka suke so. Keke ɗaya nake roƙo, rana ɗaya a shekara. Ba ɓatawa ba, ka ɗan taɓa shi kawai."

"Yallaɓai, ni gyara na koya."

"Ai shi ya sa na kira ka. Wanda ya iya gyara shi ya san inda ake taɓawa."

A lokacin 'ya'yansa biyar ne a makaranta, mahaifiyarsa kuma tana kwance. Ba don a wanke shi aka faɗi wannan ba, shi ma bai taɓa kawo shi a matsayin hujja ba. Ya koma ɗakin ɗinki, ya sassauta ƙusa ɗaya, ya ɗaga sandar allurar keke na bakwai kamar kaurin gashi biyu, ya ɗaure. Aikin minti ɗaya. A yadi mai kauri ba za ka ga komai ba. Amma da an sa masa yadi mai santsi, sai ya yi ɗinki talatin daidai, ya tsallake ɗaya, ya yi talatin, ya tsallake ɗaya. Da an ja rigar kaɗan sai ta buɗe baki.

Gaban kyamara, ƙuri'a ake jefawa a raba kekuna. Bayan kyamara, darakta ne ke zaɓen wanda zai zauna a na bakwai ranar yadi mai santsi: wanda ya ga zuciyarsa a kusa take. Shekara takwas, mutum takwas. Kun gan su. Kun ga wadda ta kifa kai a kan keke tana kuka kwalliyarta na zuba a yadin. Kun ga wanda ya yaga rigarsa da hannunsa ya fita. Alƙalai suka gaya musu hannunsu bai nuna ba, su koma su koyi ɗinki, ku kuma kuka gyaɗa kai daga kan kujerunku. Washegari Baba zai zo da sassafe ya mai da sandar inda take. Mai kwalliya ta ce ta daɗe da lura akwai rana ɗaya a shekara da ba ya cin abinci, ba ya tari, ta ɗauka ranar rasuwar wani nasa ce.

A shekararsa ta goma sha ɗaya aka ɗauki wata mata mai kimanin shekara hamsin, tela tun kafin a haifi rabin 'yan gasar. Tana da shago da 'yan mata shida masu koyon aiki. Ba ta faɗa da kowa, ba ta gulma, in an tambaye ta yadda take ji sai ta ce lafiya. Yaran gasar suna ce mata Anti, darakta kuwa Anti Shiru yake ce mata. Mako biyar bai samu ko minti biyu na abin nunawa daga gare ta ba. Ya rantse sai ta yi kuka.

Ranar yadi mai santsi, tarin laimomi karyayyu aka zube a tsakiyar ɗaki, sun fi ɗari biyu, aka ce a fitar da rigar zuwa biki. Yadin laima santsi ne da shi kamar an shafa masa mai. Ƙuri'a ta faɗa wa Anti a kan keke na bakwai.

Ba ta yi rabin awa ba ta ɗaga hannu. Doka ta yarda ɗan gasa ya kira mai gyara in ya ga matsala.

"Baba, keken nan yana tsallake."

Ya zo, ya sunkuya, ya buɗe murfi, ya rufe. Ta gilashi yana ganin darakta a tsaye.

"Lafiyarsa lau, Anti. Yadin ne."

Ta dube shi. Ya ce bai san tsawon lokacin ba, amma ya isa mutum ya tsufa.

"To, Baba," ta ce. "Kai ka sani."

Ta koma kan aikinta. Kyamarori duka suna can ƙarshen ɗaki, inda wasu 'yan mata biyu ke ja-in-ja a kan wata jar laima, har ɗaya ta ambaci uwar ɗaya. Ba wanda ya ɗauki Anti. Baba kaɗai ke kallonta daga kusurwarsa. Ta tura layi a keke, ta juya yadin, ta ɗauko allurar hannu, ta bi kowane tsallake ta cike shi ta ciki, ta sake tura wani layin. Awa biyar da rabi ba ta sha ruwa ba, ba ta ɗaga kai ba.

Da la'asar aka fito da riguna. Tata baƙa ce wuluk, ta haɗa ɓangarorin laima ashirin da huɗu sun sauko kamar ruwa, ta lanƙwasa ƙarafan laimar ta yi wuya da su. Babbar alƙaliya ta cire tabarau, ta taso, ta ja kafaɗar rigar da ƙarfi. Ko motsi ɗinkin bai yi ba.

Nan darakta ya tsayar da ɗauka. Shi kaɗai, ban da Baba, ya san keke na bakwai ba zai iya wannan ɗinkin ba, kuma ba zai iya faɗin yadda aka yi ya sani ba. Sai ya ce saman rigar daga gida ta zo da shi a ɓoye, abin da doka ta uku ta hana. Aka zazzage jakarta a kan tebur, har maganin hawan jininta ya faɗo ƙasa. Wani ɗan gayu da ke zaune kusa da ita ya tuna nan take cewa da safe ya ga jakar a kumbure. Darakta ya ga abin da ya samu ya fi kuka. Ya ce a cire rigar daga jikin wadda aka sa wa a shimfiɗa a gaban alƙalai, a kunna kyamara.

"Anti, ke ba yarinya ba ce," in ji babbar alƙaliya. "Ki faɗi gaskiya a wuce wurin. A ina aka ɗinka saman rigar nan?"

"A nan, ranki ya daɗe. Ku duba kyamararku."

"An duba. Babu."

"To ni zan ba ku amsar abin da ba ku ɗauka ba?"

"Kin san hukuncin doka ta uku. Kora ce, kuma za a faɗi dalili."

Anti ba ta yi kuka ba, amma hannunta ya kama gefen teburin. Ta ce, a hankali: "Shekara ashirin da shida mutane ke ba ni yadinsu su tafi ba su waiwaya ba. Yarana shida za su kalli wannan. Ku kore ni, ku ce rigar ba ta yi kyau ba. Kar ku ce na yi sata."

A ƙasan ɗakin akwai wani jan layi da aka manna, wanda ma'aikaci ba ya tsallakewa in ana ɗauka. Mai kyamara ya ce shi dai ya ga shuɗiyar riga ta shigo masa cikin hoto.

"Baba, fita!" in ji darakta. "Baba, ana ɗauka!"

Bai ko juya ba. Ya isa teburin alƙalai, ya goge hannunsa a gaban rigarsa, ya ɗauki rigar Anti ya juya cikinta waje.

"Ranki ya daɗe, mai da tabaran. Ƙirga min daga nan."

Ta ƙirga. A na talatin da ɗaya ta tsaya.

"Wannan ba keke ba ne, hannu ne," ya ce. "Keken ya tsallake, ita ta cike. Ci gaba."

Ta ci gaba. Talatin, sai ɗinkin hannu. Talatin, sai ɗinkin hannu. Ƙanana ƙwarai, sai an kai ido kusa. Daga kafaɗa har ƙugu, sun fi ɗari uku.

Ya tsinci guntun yadin laima a ƙasa, ya je keke na bakwai, ya tura layi ɗaya, ya kawo ya ajiye kusa da rigar. Talatin, tsallake. Talatin, tsallake.

"Duk duniya keke ɗaya ne ke wannan ɗinkin, ga shi can. In daga gida ta zo da rigar, to da shi ta tafi gida."

Babbar alƙaliya ta daɗe tana duban ƙyallen, sannan ta yi tambayar da ya san za a yi tun kafin ya tsallake jan layin.

"Ba kai ne mai gyara ba? Me ya sa keken yake tsallake?"

"Ni na sa shi."

"Kuskure ka yi?"

"Ban taɓa kuskure a keke ba, ranki ya daɗe. An ce in yi, na yi. Wannan ne karo na tara."

Kada mai karatu ya gyara zama yana jiran a kama darakta. Yana nan, an ma ƙara masa wani shirin. Abin da aka ɗauka ranar ba a nuna ko daƙiƙa ɗaya ba. A shirin da kuka kalla, mai gabatarwa ya fito da fuskar jimami ya ce an gano matsala a keke na bakwai saboda sakacin mai gyara, kuma an ɗauki mataki. Ba wanda ya ce wa Anti ɓarauniya. Bayan mako biyu aka kore ta, wai ba ta da ƙarfin hali wajen zaɓen launi, ta koma shagonta da sunanta a hannu. Baba kuwa aka shirya masa bikin sallama na minti ashirin, da lemon kwalba da agogon bango. Darakta ya yi jawabi, ya ce Baba uba ne ga kowa.

Ya koma ɗan shagonsa na ƙofar gida, inda yake gyaran kekuna tun kafin a san da talabijin ɗin. Telolin layin da suka yi shekara talatin suna kawo masa aiki suka fara wucewa da kekunansu a kan babur, suna ɗaga masa hannu daga nesa. Wanda ya fi su kirki ya kawo nasa, ya ce cikin raha, "Baba, don Allah kar ka mai da min shi na bakwai." Baba ya yi dariya tare da shi. Matarsa ta ce ranar bai taɓa abincin rana ba.

Ita ce ma ta tambaye shi, ba don tana nufi ba, sai don ciwon ganinsa zaune: "Malam, shirun shekara takwas ka iya, rana ɗaya ce ta gagare ka?"

"Sauran kuka suka yi," ya ce. "Kuka ina iya kau da kai. Ita Anti cewa ta yi ni na sani."

Yanzu Anti ta mai da gyaran kekunan shagonta duka wurinsa. Ba ta taɓa ce masa ta gode ba. Ta dai ce ya yi abin da ya kamata, a makare. In yana gyara, tana tsaye a kansa har ya gama.

Ga abin da ya sa aka rubuta wannan. Ba wanda ya sa shi, ya roƙi mai kwalliya ta nemo masa sunayen mutum takwas ɗin nan, ya fara bin su ɗaya ɗaya, a motar haya, da gwiwar da ke damunsa. Ya samu biyar. Ɗaya yana da babban shago yanzu, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ai kukan nan ne ya sa aka san shi. Ɗaya a waya kawai aka same shi, ya ce ya yafe tun Baba bai gama magana ba, ya kashe waya. Ɗaya ta zage shi tas, ya tsaya ya ji har ƙarshe. Ɗaya, wadda ta kifa kai a kan keke, a watan da abin ya faru ta sayar da nata keken, yanzu tana aiki a kantin magani. Ta saurare shi daga bayan teburin kantin, ta ce, "Da ka bar ni da abin da na sani, Baba. Na riga na saba da cewa ban iya ba." Ta kira na bayansa. Ta biyar ta rasu shekara biyu da suka wuce. Mahaifiyarta ya samu, ya durƙusa ya faɗa mata. Tsohuwar ta ce yarinyar ba ta ƙara yarda ta ɗinka wa kowa ba, ko ɗan kwalin ƙanwarta.

Baba, ba zan ce maka mai farin hannu ba, kai ma za ka ce ƙarya ne. Kai ne ka juya ƙusar nan sau tara. Amma kai ne kuma, a ɗakin da ke cike da masu digiri da masu suna, ka tsallake layi ka sayar da sunanka na shekara arba'in don kar a ɓata na wata. Kai ne ka ƙi ɓuya a bayan kuskure da aka miƙo maka shi a faranti. Kai ne kake ƙwanƙwasa ƙofofin da ka san zagi ne a bayansu. Na karanta tarihin manya da yawa da suka rubuta nadamarsu bayan duk wanda suka cuta ya mutu. Kai ka kai taka da ƙafa. Mun gode. Allah Ya yafe maka abin da ya wuce, Ya sa waɗanda suka rage su buɗe maka ƙofa.

Mu kuwa sauran, da wuya a samu wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashin wani ba a taɓa kiransa ofis an ba shi shayi an ce ya ɗan taɓa wani abu ba: maki, ko takarda, ko layin da wani ya daɗe yana bi. Mun san sunayen mutanen, mun san inda suke zaune. Wanda ya ga zai iya, ya tashi tun suna da rai.

Saura uku ba a same su ba: mace biyu da namiji ɗaya. In ɗayanku ya ga wannan, ko wani nasa ya gani, a gaya masa. Ranar da aka ce hannunka bai nuna ba, hannunka lafiyarsa lau. Akwai wani tsoho da ke zaune a ƙofar shagonsa daga safe har yamma, ba aiki ya yi masa yawa ba, yana so ya faɗa maka da bakinsa.